Amsar Kawu kan wasan alat na bogi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kai da abokanka na Samaru kuna so ku nuna wa mai shayi alat na bogi, wato saƙon ƙarya mai nuna kun tura masa kuɗi, ku ɗauki bidiyon yadda zai rikice, daga baya ku biya shi kuɗinsa. Kana tambaya ko wannan ba ɗaya yake da tashe da wasan taubasai da muka gada ba. Ba ɗaya ba ne, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata.

Wasan Bahaushe yana da abokin yi, yana da lokaci. Tashe sai azumi ya kai kwana 10 ake fara shi. Yaro ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya shafa gawayi, ya shiga zaure yana kwaikwayon malami ko tsoho. Maigida ya san ɗan wane ne, ya san gemun na ƙarya ne, kuma da son ransa yake miƙa hatsi ko 'yan canji. Taubashinka zai iya fizge maka hula ranar biki, ya ce sai ka fanshe ta, amma a gaban jama'a yake fizgewa, hular kuma tana dawowa. Kuɗin shara na watan cika-ciki, sayen baki a ɗakin amarya, tsokanar kaka da jika, har ba'ar da ke tsakanin Zagezagi da Kanawa, duk haka suke: wanda ake tsokana ya san wasa ake, yana da damar ramawa, kuma tare ake dariya. To mai shayin nan taubashinka ne? Ya san ana wasa?

Na san abin da ke jan ku. Akwai daɗi a ce ka fi wani wayo, ga kuma 'yan kallo a TikTok suna yabawa. Wannan daɗin ne dai yake riƙe ɗan damfara a sana'arsa, kuma dabarar ɗaya ce.

Dubi yadda alat na bogi ke aiki. Saƙon tes ne kawai da aka tsara shi da sunan banki, ko hoton rasit da aka gyara a waya. Ba ya cin mutum sai an haɗa shi da gaggawa. Ana zuwa lokacin da teburi ya cika, wajen bayan magariba, mai shayi yana soya ƙwai da hannu ɗaya, yana yanka burodi, mutum uku na kiran sa. A tura masa fuskar waya, ya ga sunansa da adadin kuɗi, ya ce a tafi. Sai dare, yana lissafi, ya tarar kuɗin madara da sukarin gobe babu. Maganinsa sauƙi ne da shi: kada ya dubi wayar mai saye, ya buɗe manhajar bankinsa ko ya danna lambar duba asusu, ya ga kuɗin sun ƙaru da idonsa. In an ce netwok ne ya riƙe, a jira.

Sauran ƙananan cutar ma a kan kwaɗayi ko tsoro suke tafiya. Mai wala-wala a bakin tasha ba shi kaɗai yake ba; mutum biyu ko ukun da kake gani suna ci, suna murna, nasa ne, an ajiye su ne don baƙo ya sa kuɗinsa. Mai yar da ƙunshin kuɗi a gabanka yana da abokin da zai ce ku koma gefe ku raba, a can za a nemi ka ba da naka jingina, ka buɗe ƙunshi ka ga takarda. Mai kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka, abin da yake nema shi ne lambobin jikin katinka, da lambar sirri mai 4, da lambar da za a turo maka ta tes. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya. A wajen cire kuɗi kuwa, mai cewa bari ya taimaka maka yakan leƙi lambar sirrinka, ya musanya katin da wani mai launi iri ɗaya.

Yanzu ga inda wasanku zai ɓaci. Kun tsara za ku biya bayan minti biyar, amma ba ku da iko da minti biyar ɗin. Mai shayin da aka taɓa cuta ba zai tsaya jin bayani ba. Kalma ɗaya zai faɗa, "ɓarawo", kuma a wuri irin Kwangila ko kasuwar Sabon Gari, kafin ka ce wasa ne an taru a kanka. In Allah ya sa hannun 'yan sanda kuka faɗa, wayarka ce shaida: ga rasit ɗin bogi, ga bidiyon da kuka ɗauka da kanku. Dokar zamba ta 2006, wadda hukumar yaƙi da zamba ta EFCC ke gurfanar da mutane da ita, ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kayan wani ta hanyar yaudara. Cewa "wasa nake yi" ba za ta hana ka kwana a ofishin 'yan sanda ba, kuma ɗalibi kake.

Addini ma bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, aka ɗauke masa igiya, ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. Igiya ce fa, ba jarin mutum ba. Ya kuma hana ɗaukar kayan ɗan'uwa, da wasa ko da gaske.

In bidiyo kuke so, ku je wurin mai shayin da rana, lokacin da ba ciniki. Ku gaya masa abin da za a yi, ku biya shi ladan lokacinsa, ya fito a matsayin ɗan wasa, a ƙarshe ya nuna wa masu kallo yadda ake duba asusu. In kuwa kun riga kun yi wa wani, ka je da kanka yau, ka biya, ka roƙi gafara, ku goge bidiyon a gabansa.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.