Kunnen yarona ya shekara yana ruwa, zai kurumce ne? Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Salam likita, dan Allah yarona ɗan shekara 4 kunnensa na hagu ke zubar da mugunya tun da yayi ƙyanda bara, in mun ɗiga maganin kemis ya tsaya, da mura ta kama shi sai ya dawo, kakarsa tace in bar shi zai daina da kansa in ya girma. Daga wata uwa a Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya kar ki jira ya girma, duk kunnen da ya wuce sati 2 yana ruwa to kusan kullum dodon kunnen ne ya huje, mugunyar daga can ciki take fitowa. Kinga akwai wata 'yar hanya da ta haɗa bayan hanci da cikin kunne, a yara gajera ce kuma a kwance take, shi yasa mura na shigowa ƙwayoyin cuta sai su bi ta nan su tayar da ciwon. Abinda yafi damuna shine jinsa, domin a bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa guda 3 da ke miƙa sauti zuwa ciki, mugunya in ta daɗe tana kwanciya a kansu tana cinye su a hankali, kuma yaro a wannan shekarun yake koyon magana, ina yawan ganin yaran da ake ce musu masu taurin kai ko daƙiƙai a makaranta alhali wallahi ba sa jin malamin ne sosai.

Ki kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro a duba. Yawanci akan ba da maganin ɗigawa irin ciprofloxacin, amma sai an goge mugunyar tukuna, a murɗa tishu mai tsafta yayi tsini a sa a bakin kunnen ya tsotse ruwan sannan a ɗiga, in ba haka ba maganin a kan mugunya kawai zai zauna. Dan Allah banda man ja, nono, ruwan albasa ko sosawa da gashin kaza. Magungunan ɗigawa masu ɗauke da gentamicin ko neomycin ma kar ki saya da kanki, in akwai huji suna iya taɓa jijiyar ji.

Tambaya: Likita ni tun ina yaro nake ruwan kunne, yanzu shekarata 32 ya bushe amma da kunnen dama bana jin waya sosai, akwai gyara? Kuma ya zanyi da wanka da alwala? Daga Maraɗi

Amsa: Malam bushewa daban, rufewar hujin daban. Ka je ayi maka gwajin ji, in matsalar a dodon kunne ce ko ƙasusuwan nan to akwai tiyatar da ake liƙe hujin da wani ɗan yanki da ake cirowa daga jikinka kuma ji yakan ƙaru, in kuwa jijiyar ce ta taɓu ita bata dawowa, sai dai na'urar ƙara ji. In zaka iya shigowa Najeriya akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da sashen kunne. Wajen wanka ka shafa wa auduga basilin ka toshe, iyo a rafi ko kududdufi kam ka haƙura. Alwala ba matsala, shafa ce da ɗanyen yatsa, kar dai ruwa ya gangara ciki.

Tambaya: Ƙanwata kunnenta na wari sosai, kwana 3 kenan bayan kunnen ya kumbura ga zazzaɓi da ciwon kai, wane magani zamu saya? Daga Potiskum

Amsa: 'Yar uwa wannan ba na kemis bane, ku tafi babban asibiti yau ɗin nan. Kumburin bayan kunne alama ce ciwon ya shiga ƙashi, kuma daga nan zuwa ƙwaƙwalwa ba nisa, yana iya zama sanƙarau ko ƙurji a ciki. In kuka ga wuyanta ya sanƙare, ko tana amai da jiri, ko bakinta ya karkace, ko tana yawan barci, ku faɗa wa likita tun a ƙofa, kuma ku tafi da duk magungunan da aka taɓa ɗiga mata ya gani.