Kwalekwale da jirgi, abu ɗaya ne?

Malam, ka tambaya ko akwai bambanci tsakanin kwalekwale da jirgi. Akwai, amma ba mai yawa ba.

Kwalekwale shi ne ƙaramin jirgin katako mai siririn ciki, wanda masunta ke tuƙawa da filafili, ko su riƙa dogara doguwar gora a ƙasan ruwa idan babu zurfi. Duk wanda ya taɓa shiga ya san yadda yake tangaɗi da zarar mutum ya ɗan muskuta. Yanzu har wanda aka ɗaura wa inji kwalekwale ake ce masa a labarai.

Jirgi kuwa ita ce uwar kalmar. A da, in Bahaushe ya ce jirgi, na ruwa yake nufi, ba sai ya ƙara komai ba. Da na ƙasa da na sama suka zo suka ari sunan, dole aka koma cewa "jirgin ruwa". Amma har gobe ana cewa "jirgi ɗaya ya kwaso su" ga mutanen da halinsu ya zo ɗaya.

Idan kuma aikinsa tsallakar da mutane kogi ne, jirgin fito ke nan, abin da ka biya kuwa kuɗin fito.