Idan Injin Jirgi Mai Saukar Ungulu Ya Mutu a Sama

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jirgi mai saukar ungulu faɗowa yake kamar dutse idan injinsa ya mutu. A'a, ba haka ba ne.

Da injin ya ɗauke, matuƙi yana da 'yan daƙiƙoƙi kaɗan ya sauke sandar da ke hannunsa na hagu, fukafukan farfelar su kwanta. Daga nan iskar da ke tasowa daga ƙasa yayin da jirgin ke gangarowa ita za ta ci gaba da juya farfelar. Dab da ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgin ya rage gudu, sannan ya ja sandar, ya yi amfani da ragowar ƙarfin juyin ya dire. Dama ɗaya ce tak, shi ya sa ake ta maimaita wannan atisaye tun a makaranta. Inda abin ya fi haɗari shi ne injin ya mutu jirgin yana kusa da ƙasa kuma ba ya gudu.

Ni dai ƙura ta fi tayar mini da hankali. Ranar 2 ga Fabrairu 2019 a Kabba, jihar Kogi, ƙura ce ta turnuƙe jirgin mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Osinbajo, wajen sauka, har ya kife ta gefe. Mutum 12 ne a ciki, kuma Allah ya tsare su duka.