Kwalaben wuski da ƙanena ke tarawa a otal, za su yi min jari?

Wata baiwar Allah ce daga Kaduna ta turo tambaya, ga yadda ta rubuto a taƙaice: "Assalamu alaikum Malam. Ina soya gyaɗa ina ƙullawa a leda, wani lokacin kuma ina saro zuma. Ƙanena yana aiki a wani otal a Abuja, yace kwalaben wuski da baƙi suka shanye suna nan jibge a bayan kicin, in ina so zai dinga turo min a buhu, kuɗin mota kawai zan biya. Na ga a bidiyo ana yanka su ana yin kofuna da fitilu da abin saka furanni. Sannan akwai wani mutum da yace zai dinga saye a hannuna da tsada in dai da murfinsu da takardar jikinsu. Wanne zan kama? Kuma ya halatta in zuba abin ci a ciki?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Bari in fara da mutumin nan mai son saye da murfi da takarda, dan shi ne ya fi tsaya min a rai. Dan Allah kar ki sayar masa ko guda ɗaya. Ki tambayi kanki, me mutum zai yi da takardar jikin kwalba in gyaɗa ko manja zai zuba? Mai gyaɗa kankare takardar ma yake. Wanda yake biyan kuɗi mai yawa saboda takarda bata yage ba kuma murfi na asali ne, yawanci so yake ya ɗura wani abu a ciki ya liƙe ya sayar a matsayin na kamfani. Wannan ba zato nake ba, sana'a ce da ake kama mutane a kanta, a watan Disambar 2023 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta kai samame kasuwar Cemetery da ke Aba ta rufe shaguna masu yawa inda ake haɗa jabun abin sha ana ɗurawa a tsofaffin kwalabe. Kuma abin da ake ɗurawan yana kisa, a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai sinadarin metanol, wanda guba ne. Toh ke da kike neman halal ɗinki da kaskon suya, me ya haɗa ki da wannan layin? Ranar da aka kama shi aka ce waye ke kawo maka kwalba sunanki zai ambata, ga alhakin rai, ga na taimakawa a sayar da giya. Duk kwalbar da ta shigo gidanki, aikin farko ki cire takardar.

Maganar halasci kuwa, ni ɗan kasuwa ne, fatawa ta malamai ce. Amma abin da aka sani shi ne akwai hadisin Abu Sa'alaba inda ya tambayi Annabi (SAW) game da ƙoren Ahlul Kitabi, aka ce masa in sun samu wasu kar su ci a cikinsu, in basu samu ba su wanke su ci. Kuma gilashi ba kamar tukunyar ƙasa ba ne ko ƙwarya, baya tsotsar abin da aka zuba masa, in an wanke ya wanku. Ki kai wa malamin unguwarku maganar ki ji daga bakinsa hankalinki ya kwanta, dan kwastoma ma zai iya tambayarki wataran.

Yanzu kasuwancin kansa. Gaskiya Hajiya kuɗin yana cikin abin da kike yi tun farko, wato gyaɗa da zuma, ba a cikin fitilun bidiyo ba. Ki duba go-slow na Abuja ko Legas ko hanyar Lakwaja, gyaɗa da kashu a kwalba ake miƙo wa masu mota, kuma mafi yawan kwalaben nan irin waɗannan ne aka wanke. Dalilin da yasa suke samuwa a arha shi ne kamfanonin lemo da na biya suna karɓar kwalabensu a kiret su sake amfani da su, amma ta wuski wadda aka shigo da ita daga Sikotland ko Amurka babu mai maida ta can, in an shanye ta zama shara. Gyaɗar da kike ƙullawa a leda ta yara ce da 'yan canji, kwana kaɗan ta yi sanyi, amma wadda ke cikin kwalba mai murfi tana daɗewa da ƙarasƙaras ɗinta, ma'aikaci zai saya ya aje a ofis, matafiyi zai yi tsaraba da ita, mai shago zai karɓa ya jera a kanta ba tare da tsoron ɓera ba. Kinga kin tashi daga kwastoman naira ɗari kin koma na dubbai, da gyaɗar nan dai taki.

Zuma ma haka, har ta fi. Yawancin kwalaben nan santilita 70 ne ko 75, akwai kuma na lita ɗaya, kuma zuma ta fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai wajen kilo 1.4, dan haka kwalba mai 75 tana cin kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, mai 70 kuma kusan kilo ɗaya cif. Wannan lissafin ki riƙe shi da kyau saboda a jarka kike sarowa a kwalba kike sayarwa, in kika haɗa mai 70 da mai 75 da mai lita a farashi ɗaya to ribarki tana zirarewa baki sani ba. Girman yana rubuce a jikin takardar, sau da yawa har a gindin kwalbar, ki duba kafin ki kankare, ki ware su kashi kashi. Ni da zan zaɓa miki, ki ce wa ƙanenki ya dinga tsinto miki farare masu kama ɗaya, dan mai sayen zuma so yake ya ɗaga ya ga kalarta ya juya ya ga yadda take tafiya, koriyar kwalba ko ruwan ƙasa tana ɓoye masa. Masu kusurwa huɗu irin na wuskin Johnnie Walker sun fi daɗin jerawa a kwali basa gangarawa, sai dai wasu kwalaben an zana sunan kamfanin a jikin gilashin kansa, baya kankaruwa, irin waɗannan kar ki kai su unguwar da za a ga sunan a fasa saye, ki barsu a gida ki zuba man gyaɗa ko ki sayar wa masu haɗa humra da turare, su suna son kwalbar gilashi wajen tsuma kayansu.

Kunun aya da zoɓo kar ki soma. Kunun aya yana saurin tsami ya tara iska, ga nauyin kwalba, ga fashewa a kula, robar ta fi masa. Man shanu kuma in sanyi ya shigo daskarewa yake, wuyan kwalbar siriri ne, sai kwastoma ya sa a ruwan zafi kafin ya fito, wasu basu damu ba wasu kuma basa dawowa.

Wanki shi ne inda mata da yawa suke ɓata sana'ar nan, dan haka zan ɗan daɗe a nan. Ki jiƙa su a baho da ruwa da omo su kwana, takardar zata saki da kanta, gam ɗin da ya rage ki shafa masa man gyaɗa ki goge, kar ki sa kananzir a kwalbar da abinci zai shiga, warin baya fita. Wasu suna da wata 'yar roba a cikin wuya wadda aka saka dan hana sake ɗuri, sai an ɓanɓare ta da filaya a hankali, in bakin ya ɗan ɓalle ko ya tsage ki jefar kawai, ɓarɓashin gilashi a cikin gyaɗa ba abin wasa ba ne. Cikin kuma ki zuba ɗanyar shinkafa kaɗan ko tsakuwa mai tsafta da ruwan omo ki jijjiga sosai, ki ɗauraye sau uku, na ƙarshe da ruwan zafi, amma ki fara da mai ɗumi tukuna dan tafasasshen ruwa a kan kwalba mai sanyi tsaga ta yake. Sai ki kife su a rana har su bushe ƙayau, ki shinshina, in akwai sauran wari a sake. Ɗigon ruwan da kika raina shi zai sa zuma ta yi kumfa ta yi tsami, shi zai sa gyaɗa ta yi laushi ta yi funfuna. Gyaɗar ma sai ta huce sarai kafin ki ɗura, in da zafinta gumi zata yi a ciki. Murfi ki sayi sabo a kasuwa wajen masu kayan roba, da ledar nan da ake ƙona wa a baki ta kama, tana sa mutum ya yarda ba a buɗe ba.

Kuma sa'ar da kika yi ita ce kin san daga inda kwalabenki suke fitowa. In wataran na otal suka yanke kika koma saye wajen 'yan jari bola, ki yi hattara sosai, dan a irin kwalaben nan ake zuba fiya-fiya da kananzir da maganin feshi, wadda kika ji tana wani wari ko kika ga tabo a cikinta ko kyauta ce kar ki karɓa.

Sai lissafi, dan kalmar kyauta tana ruɗar mutane. A ce, misali kawai nake, an turo miki guda 50 kin biya mota da dako naira 5,000, biyar sun fashe a hanya biyar kin jefar, saura 40, kinga kowace ta tsaya miki 125 tun kafin omo da ruwa da murfi da sitika da wahalarki. Ki saka farashin gaske na yau, sannan ki je kasuwa ki tambayi nawa ake sayar da wankakkiyar kwalba da sabuwar roba mai girman nan, in taki ta fi tsada to babu amfanin wahalar da ƙanenki. Kwalba ɗaya ba komai a ciki tana kai kusan rabin kilo, wasu sun fi, dan haka a buhu kara zube asara ce, a sa su a kwalayensu na asali masu gida gida in akwai. Ya kuma nemi izinin manajansa kafin ya fara fitar da su, dan a wasu otal ɗin akwai masu ɗauka da ma, kar a ce ya yi sata aikinsa ya tafi akan kwalba. In kuma kayan zasu wuce Kano ko wata jihar da Hisbah ke aiki, a cire takardun tun daga can.

Yankan kofuna da fitilu ban ce ba sana'a ba ce, ai a Bida masaga sun daɗe suna narkar da kwalabe suna yin duwatsun wuya da awarwaro, a Gana ma mutanen Krobo suna daka kwalba su yi tsakiya. Amma hannu ne da ake koya, sai kin sayi abin yanka da samfefa da safar hannu da tabarau, da yawa zasu fashe kafin hannunki ya faɗa, kuma masu sayen irin kayan nan 'yan ƙalilan ne a manyan birane. In ranki yana so ki gwada da waɗanda kika ware na jefarwa, a inda yara basa wasa, amma kar ki taɓa jarin gyaɗa saboda shi.

Ki ce ya turo ashirin tukuna, ki cika goma sha biyar da gyaɗa biyar da zuma, ki buga sitika mai sunan sana'arki da lambar wayarki da ranar da kika ɗura, ki kai shaguna biyu ko uku da wani ofis kusa da ku, ki ce duk wanda ya dawo da kwalba za ki rage masa wani abu a saye na gaba. Manyan kantuna zasu nemi lambar NAFDAC, wannan sai kasuwa ta buɗe mu yi maganarsa daban. In sati biyu ya yi ki rubuto min nawa suka tafi da nawa suka dawo, sai mu ga ko buhu na biyu ya kamata.