Hukuncin rubuta labarin wata shekara mai zuwa don barkwanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Birnin Kebbi, asalina mutumin Argungu. Duk ƙarshen shekara nakan rubuta labarin ban dariya in tura zaurenmu na WhatsApp. Bana na rubuta yadda shekarar 2090 za ta kasance. Na ce kifayen kogin Matan Fada za su kafa jam'iyya, giwan ruwa ya tsaya takarar gwamna, buhun shinkafa ya koma naira biyar, ambaliya ta ɗauke wani gari da na ambaci sunansa ta dire shi a Lokoja, abokina wane ya auri huɗu rana ɗaya, wane kuma ya tsiyace har ya sayar da takalminsa. Kawuna ya gani, ya ce wannan duba ne, in tuba, sallata ta kwana arba'in ba karɓaɓɓiya ba ce. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, kawunka kishin addini ne ya motsa shi, Allah ya saka masa, sai dai ya ɗora hukunci a inda ba muhallinsa ba. Hadisin kwana arba'in yana cikin Sahihu Muslim, kuma a kan wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu ya zo. Ɗan duba shi ne mai da'awar ya san abin da ke ɓoye, ko ta bugun ƙasa, ko ta taurari, ko ta aljanu. Allah ya rufe wannan ƙofa a Suratun Namli aya ta 65, cewa babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi, kuma a ƙarshen Suratu Luƙman ya ce rai bai san abin da zai aikata gobe ba, bai san ƙasar da zai mutu a cikinta ba. Kai ba ka yi da'awar komai ba, kuma babu mai hankalin da zai karanta takarar giwan ruwa ya tafi neman katin jam'iyyarsa. Sallarka tana nan lafiya.

Saura batun ƙarya, wanda ya fi na duba ƙarfi a kanka. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya narkon azaba, har ya maimaita. Shi kansa yakan yi raha, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya: wanda ya roƙe shi abin hawa ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya yi mamaki, sai ya nuna masa ai kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Da wannan ne wasu malamai suka tsananta, suka ƙi ƙagaggen labari kowane iri. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne fahimtar waɗanda suka ce ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da ya saɓa wa haƙiƙa don ya gaskata. In mai faɗa da mai ji duk sun san ƙirƙira ce, ta zama misali. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da littafin Maƙamatul Hariri, alhali Abu Zaid ɗin da ke cikinta ƙagaggen mutum ne, ba su kuma kira marubucin maƙaryaci ba. Saboda haka kifayenka da shinkafarka ta naira biyar halal ne, har ma in akwai hannunka mai sanda ga masu mulki a ciki, ba tare da zagi ko ƙazafi ba, to ya yi amfani.

Inda ban bi ka ba shi ne garin da ka sa ruwa ya ɗauke. Ka tuna a Kebbi kake. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a fadamun jihar nan, akwai manoman da suka ci bashin taki da iri suka wayi gari ruwa ya rufe komai, sai kan karan da ke leƙowa. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse a wajen Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski da ɗimbin mutane. A zauren naku ba za a rasa wanda wannan ya shafi gidansu ba. Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga musulmi ya firgita musulmi ba, kuma sanadin hadisin, kamar yadda Abu Dawuda ya kawo, wasa ne wasu sahabbai suka yi wa ɗan'uwansu yana barci suka ɗauke igiyarsa. Igiya ke nan, ina ga gari guda? Sannan a Muslim an hana mu yi wa kanmu, da 'ya'yanmu, da dukiyoyinmu mugun baki, kada ya dace da lokacin amsa addu'a. Naka ba addu'a ba ce, na sani, amma harshen mumini bai kamata ya saba da jefa wa mutane musiba ba.

Akwai kuma halin waya. Saƙo yakan bar zauren da aka san marubucinsa, wani ya yanke kan saƙon, ya canja 2090 ta koma baɗi, ya rubuta a sama "wani babban malami ya ce". Kafin la'asar tsohuwa a ƙauye ta ji, ta hana jikanta shiga kwalekwale. Nisan shekarar da rashin yiwuwar abin su ne suka halatta maka rubutun, duk sanda ka matso kusa, ka ambaci zaɓen 2027 da sunan wanda zai ci da wanda zai mutu, ka shiga layin masu fitowa farkon kowace shekara suna jera abin da zai faru, wasu da rawani a ka, abin takaici. Waɗannan su ne 'yan duban da kawunka ya kamata ya tsare. Siyasarmu kuwa takan haifi abin da ya fi almara: a Zamfara a 2019 an yi zaɓe an sanar da wanda ya ci, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC saboda matsalar zaɓen fitar da gwani, aka rantsar da wanda ya zo na biyu. In wasanka ya taɓa dacewa da irin wannan, za a fara cewa yaron nan yana gani. Ranar wajibi ne ka fito ka ƙaryata, domin a hadisin Nana A'isha da ke Bukhari, da kalma ɗaya ta gaskiya boka ke sayar da ƙarya ɗari.

Kada a haɗa wannan da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara. Wancan lura da alamomi ne da Allah ya sanya a halittarsa, yana dacewa yana kuskurewa, manomi ya yi aiki da shi ya ce in Allah ya so.

Abokanka kuma, mizanin yana Suratul Hujurati aya ta 11: kada wasu su yi wa wasu izgili. Mai mata huɗu, in kun saba irin wannan wasa kuma ka tabbata shi ma dariya zai yi, babu laifi, ko da yake ka lura ko uwargidansa na iya ganin saƙon. Wanda ka tsiyatar kuwa, cire shi. Ba ka san abin da ke aljihunsa ba, mai yiwuwa yana murmushi a zaure alhali kuɗin haya ya hana shi barci. In rubutun ya riga ya fita, same shi kai da shi ka nemi afuwa. Mutuwa, ciwo da mutuwar aure kada ka rataya su a wuyan kowa da suna, haka tashin alƙiyama da Dujal da ayoyin Allah ba kayan barkwanci ba ne, kuma kada ka buɗe da "an nuna mini a mafarki", don ƙaryar mafarki tana cikin mafi munin ƙarya.

Ka ci gaba da rubutunka, ka sa a farkonsa da tsakiyarsa cewa ƙagagge ne, garin da ruwa zai ci ka ƙirƙiro masa sunan da babu shi a taswira. Ka kai wa kawunka wannan amsa cikin ladabi, kada ka tura masa ita a zaure gaban yara.

Wallahu a'alam.