Amsoshin Tambayoyinku: Neman Abincin Meksiko Na Asali Bayan Sauya Gari

"Assalamu alaikum. Mun daɗe a Los Anjeles, a can na saba da wata baƙar miya mai kauri ta 'yan Meksiko da ake zuba wa kaza. Yanzu aiki ya kai maigidana wani ƙaramin gari a jihar Ohayo. Gidajen abincin Meksiko ga su nan birjik, amma duk ɗanɗanonsu ɗaya: cuku, shinkafa, wake. Ko bakina ne ya canza?" Wata mai karatu daga Amurka

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bakinki lafiya lau. Abin da ake kawo miki yanzu yawancinsa girkin da ya samo tushe a jihar Teksas ne, wanda ake kira Tex-Mex, mai narkakken cuku ruwan ɗorawa da niƙaƙƙen nama. Ba jabu ba ne, yana da nasa tarihin da masoyansa. Amma ba shi kike marmari ba.

Meksiko jihohi 31 ce da babban birninta, kuma kowane yanki da tukunyarsa. Mai neman "abincin Meksiko" kawai tamkar wanda ya ce a ba shi "abincin Najeriya" ne, aka miƙo masa amala alhali tuwon shinkafa da miyar taushe ke ransa. Miyar da kika kwatanta, mole negro ce ta jihar Oaxaca (Wahaka ake furtawa). Ana gasa busasshen barkono iri-iri har ya yi duhu, a niƙa shi da riɗi da gyaɗa da kayan ƙamshi da ɗan cakulan, a daɗe ana juyawa a kan wuta. Kin same ta cikin sauƙi a Los Anjeles ne domin mutanen Oaxaca sun yi yawa a can. Haka abin yake a ko'ina: abinci yana bin masu shi. Niu Yok ta tara 'yan jihar Puebla, Shikago kuma 'yan jihohin Michoacán da Jalisco, musamman a unguwannin Pilsen da Little Village.

Saboda haka ki daina neman ƙasar, ki nemi jihar. A taswirar wayarki rubuta oaxaqueño (na Oaxaca), ko poblano (na Puebla), ko estilo Jalisco (salon Jalisco), ki ga abin da zai fito. In ba a dace ba, ki tafi shagon kayan miya na 'yan Meksiko, irin wanda ke da mahauci a ciki. Sau da yawa a can ƙurya akwai 'yan tebura da wata baiwar Allah tana girka wa mutanen garinsu, kuma ba ta da allo a bakin titi. Ki je ranar Asabar ko Lahadi da hantsi, don a ranakun ne ake fito da girki mai cin lokaci. Motocin sayar da abinci da ke tsayawa kusa da masana'antu da wuraren gini su ma kada ki raina su. Wanda ke ciyar da 'yan ƙasarsu kullum ba ya iya yi musu algus.

In kin shiga, ki dubi abu biyu. Na farko tortilla, wato faifan gurasar masara da ake naɗe nama a ciki: in a nan ake murza ta ana gasawa, za ki ji ƙamshin tun daga ƙofa. Na biyu tsawon takardar abinci. Gidan da ya lissafa kala ɗari ba ya ƙware a ko ɗaya. Sannan ki buɗe baki ki tambayi mai girkin daga wace jiha ta fito, ki ce ta ba ki abin garinsu. Ni a ganina wannan tambayar ta fi duk taurarin da mutane ke bayarwa a intanet amfani.

Kuma in kin ga tulun jan abin sha an rubuta jamaica, saya ki sha, zoɓo ne. Meksiko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta. Na kusa da shi, mai ruwan ƙasa, tsamiya ce.

Idan duk an zaga ba a samu ba, ana sayar da kwaɓaɓɓen mole negro ta intanet. Ki sassauta shi da romon kaza a wuta kaɗan-kaɗan. Amma ki karanta abin da aka haɗa shi da shi kafin ki biya, saboda dalilin da ke cikin amsa ta gaba.

"Ni ɗalibi ne, ban daɗe da zuwa Hustan ba. Abokaina suna yawan ja na gidan taco (tortilla da aka naɗe nama a ciki), ni kuma ina tsoron naman alade. Me zan saya?"

Tsoronka yana kan hanya, ɗan'uwa, kuma matsalar ta wuce naman da ido ke gani. Turawan Sifen ne suka kai alade ƙasar a ƙarni na 16, ya shiga girkin sosai har kitsensa ya zama man girki. Sunansa manteca. Ana sa shi a dakakken waken da ake soyawa, da tamales (ƙullun masara da ake turarawa a ganye), da tortilla ta fulawa, har da wasu biredi masu zaƙi. Tlayuda ta Oaxaca, wata babbar tortilla da ake zuba wa kayan haɗi, ko ba nama a kanta, bisa al'ada ana shafa mata gutsattsarin kitsen da ake kira asiento. Don haka "ba ni wake kawai" ba mafita ba ce sai ka tambaya. Ka haddace wannan: "¿Lleva manteca?", wato akwai kitsen alade a ciki? Gidaje da yawa yanzu man gyaɗa ko makamancinsa suke amfani da shi, kuma za su faɗa maka gaskiya.

Waɗanda za ka kauce musu kai tsaye su ne carnitas, chorizo, chicharrón, cochinita pibil ta Yucatán, da al pastor, domin da alade ake yin su. Wannan na ƙarshe yana yaudarar mutanenmu domin a tsaye ake gasa shi a jikin ƙarfe mai juyawa. Asalinsa shawarmar da 'yan Labanan suka kawo Puebla ce a farkon ƙarni na 20, amma tuni alade ya maye gurbin rago. Pozole ma, wato romon ƙwayar masara, galibi da alade ake yin ta.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne. Birria ta Jalisco asalinta naman akuya ne da aka dafa da busasshen barkono har ya yi luguf, ko da yake a Amurka ta naman shanu ta fi yawa. Barbacoa ta jihar Hidalgo rago ne da ake naɗewa da ganyen wani tsiro mai suna maguey a binne a ramin wuta ya kwana. Birnin Monterrey ya shahara da gasasshen ɗan akuya. Maganar yanka kuwa tana nan daram, kuma birni irin Hustan ba ya rasa masu yin taco da naman halal. Su za ka fara nema. In babu, koma wa kifi: pescado a la veracruzana, kifi ne da tumatir da zaitun. Tacon soyayyen kifi na Baja California yana da daɗi, sai dai wasu da giya suke kwaɓa fulawar, don haka ka ce a gasa maka. Ka kuma leƙa farantin ƙarfen da ake suya a kai, domin a ƙananan wurare kowane nama a kansa yake bi.

"Na dawo Kano da zama. Ina so in riƙa yi wa yara tortilla. In sayi abin matse ta? Garin tuwon masara zai yi?"

Hajiya, abin matsewar ba shi ne matsala ba. Ki sayi na baƙin ƙarfe mai nauyi, na roba ba ya ƙarko, kuma kafin ya iso ƙasan tukunya da leda biyu sun wadatar. Garin ne ba zai yi ba. Ko yaya kika kwaɓa shi zai farfashe a hannunki, domin 'yan Meksiko sai sun dafa ƙwayar masara da farar ƙasa irin ta abinci, wadda suke kira cal, kafin su niƙa. Wannan dahuwar ce ke saɓule dusa, ta sa ƙullun ya yi danƙo, ta kuma saki sinadarin niyasin da jiki ke buƙata. Mutanen yankin sun fi shekara dubu biyu suna yin haka.

Hanya mai sauƙi ita ce ki sa a taho miki da garin da aka riga aka sarrafa, masa harina. Samfurin Maseca ne aka fi samu. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri kawai yake so. In kuma kina son yi daga tushe, giram 10 na cal ya ishi kilo ɗaya na masara. Ki tafasa har bawon ya fara saɓulewa in kin murza, ki sauke ya kwana a ruwansa, da safe ki wanke sosai ki kai markaɗe, ki ce kada a cika ruwa. Kada ki kuskura ki ɗebo farar ƙasar masu gini. Ki gasa a busasshen kasko mai zafi ba mai, ki juya sau biyu. In ta kumbura a juyi na biyu, ƙullunki ya yi daidai.