Tambayoyinku kan fasaha: gurbin jadawali sau ɗaya ake karanta shi

Daga wani mai gyaran salula a Kasuwar Dole: Malam, masu kawo mini gyara suna nuna mini RAM ɗinsu a cike, gigabait 3 cikin 4, su ce in sa masu manhajar sharewa. Wacce ta fi?

Babu ko ɗaya, maigida. Da gangan Android yake barin manhajoji a RAM don su buɗe da sauri, shafukan da suka yi sanyi kuma, wato ƙananan yankunan RAM da aka daɗe ba a taɓa ba, yana matse su a zram, wani ɓangaren RAM da ake ajiye bayanai a matse. In ka share, salula ta sake lodo su daga ma'adana, batir ya sha wuya. Ka cire masu manhajar da ke cin wuri, ita mai sharewar ce ta farko.

Daga wani ɗalibin Jami'ar André Salifou, mazaunin Birni: Na ƙara wani ɗan aiki a kanel ɗin Linux (zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) da na haɗa da kaina, yana bin jadawalin shafuka, wanda ke nuna inda kowane adireshi yake a RAM, don ya fito da lambar shafin RAM na wani adireshi. Na rubuta `if (pte_present(*ptep)) pfn = pte_pfn(*ptep);`. A injin gwaji mai ƙwayar furosesa (core) ɗaya lafiya lau. A kwamfutata mai ƙwaya takwas wani lokaci lambar shirme ce, sau biyu ma kanel ya faɗi. Ko RAM ɗina ne ya lalace?

Ƙanena, RAM ɗinka ƙalau yake, ka bar ɗora wa ƙarfe laifin yatsunka. Wannan layin naka shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, don ɗalibai sai kwafar shi suke daga tsofaffin darussan intanet, babu mai tsayawa ya ƙirga taurarin da ke ciki, wato alamar `*` da ke gaban `ptep`. Taurari biyu ne, wato karatu biyu, kuma tsakanin na farko da na biyu babu wanda ya yi maka alkawarin gurbin zai tsaya yadda yake.

Ka tuna abin da kake taɓawa. A x86-64 kowane jadawali shafi ɗaya ne mai bait 4096, a cikinsa gurabu 512, kowanne bait 8. Adireshi mai bit 48 ana yanka shi tara-tara sau huɗu, ragowar bit 12 su nuna wuri a cikin shafin. Gurbin ƙarshe, wanda Linux ke kira PTE, ba naka ba ne kai kaɗai. Furosesa da kanta tana rubutu a ciki ba tare da neman izinin kowa ba: tana kunna bit na 5 in an taɓa shafin, bit na 6 in an yi rubutu a kansa. Wani zaren (thread) na manhajar zai iya jawo kwafin shafi saboda rubutu bayan `fork`, kiran da ke raba manhaja gida biyu. `kswapd`, ma'aikacin kanel mai samar da wuri a RAM, zai iya kwashe shafin ya kai musaya (swap), wato wurin da ake jinginar da shafuka, in RAM ya yi ƙaranci. Kanel zai iya yi wa shafin ƙaura zuwa wani wuri don ya haɗe guraren da ba kowa. Duk wannan yana gudana a kan sauran ƙwayoyi bakwai yayin da taka take tsakanin tauraro da tauraro.

To ga abin da ya same ka. Karatun farko ya ga bit na 0 a kunne, wato alamar cewa shafi yana nan a RAM. Kafin na biyu, an kwashe shafin. Da zarar an kashe bit na 0, furosesa ba ta ƙara duba sauran, sai Linux ya zuba nasa bayanin a wurin: wace ma'ajiyar musaya, kuma a ina cikinta. Kai kuma ka miƙa wa `pte_pfn` wannan ka ce lambar shafi ce. Kamar ka tambayi kuɗin tiyar hatsi wajen mutum ɗaya ne, ka juya baya, ka miƙa kuɗin ga wanda ya gaje shi a rumfar yana sayar da gishiri. A injin mai ƙwaya ɗaya ƙofar wannan ɓarna ƴar ƙarama ce ƙwarai, shi ya sa ka ɗauka lambarka daidai take.

Maganin farko: karanta sau ɗaya, ka riƙe kwafi. `pte_t pte = ptep_get(ptep);` sannan duk tambayar da za ka yi, `pte_none`, `pte_present`, `pte_pfn`, `pte_dirty`, ka yi wa kwafin. Kada ka ce ai `pte_t pte = *ptep;` ma kwafi ne. A idon kwampaila, manhajar da ke fassara rubutunka zuwa harshen inji, wannan karatun talaka ne, tana da damar ta watsar da kwafinka ta koma ta sake ɗebowa daga RAM in ta ga hakan ya fi mata sauƙi, tana ma da damar ta raba karatun kashi-kashi. `ptep_get` a yawancin injuna `READ_ONCE` ne a ciki, shi ke ɗaure mata hannu. A arm64 kuma aikinsa ya fi haka: in gurabu 16 na jere suna wakiltar yanki ɗaya mai kilobait 64, alamar taɓawa ko ta rubutu tana iya sauka a kowanne daga cikinsu, `ptep_get` ne ke bi ya tattaro su. Wanda ya sa tauraro a can zai iya ganin shafi tsaf alhali an yi rubutu a kansa.

Kwafi ɗaya bai wadatar ba, kuma nan ne faɗuwar kanel ɗinka ta fito. Shi kansa jadawalin ana iya sakin shi a ƙarƙashin ƙafarka. `khugepaged`, wani ma'aikacin kanel, yana tattara shafuka 512 ya mayar da su babban shafi ɗaya mai megabait 2, ya saki jadawalin da ke ƙasa, manuninka ya koma nuna shafin da aka riga aka ba wani. Don haka ka kama makullin `mmap_read_lock`, ka tabbatar da `vma_lookup` cewa adireshin yana cikin yankin da ke raye, sannan ka gangaro hawa-hawa. A matakin PUD da PMD, hawa biyu da ke saman PTE, ka duba ko ganye ne, wato ƙarshen hanya, don in bit na 7 yana kunne babu wani jadawali a ƙasa, shafi ne mai gigabait 1 ko megabait 2. Daga nan `pte_offset_map_lock`, wanda ke ba ka manunin gurbin ya kuma kama makullin jadawalin. Tun Linux 6.5 na 2023 wannan aikin yana iya dawo da NULL in ya tarar jadawalin ya ɓace ko ya zama babban shafi, kuma in ba ka duba ba, kai da faɗuwa kun ƙulla abota. Mutane da yawa suna zaton `mmap_read_lock` ya gama komai. Iyakokin yanki kawai yake riƙewa, ba ya hana musaya, ba ya hana ƙaura. Makullin jadawalin ne ke hana sauran sassan kanel sauya gurbin, ita kuwa furosesa ko shi ba ta sani ba, tana ci gaba da kunna bit ɗinta biyu.

Makullin jadawalin nan mai juyi ne (spinlock), mai jiransa juyi yake yi a wuri ɗaya, don haka ba a barci da shi a hannu. Kada ka kira `copy_to_user` ko `kmalloc` da `GFP_KERNEL` kafin `pte_unmap_unlock`. Bayan ka saki kuma, lambar da ke hannunka labarin ɗazu ce. Ka buga ta a allo in kana so, amma kada ka bi ta ka karanta abin da ke cikin shafin, don mai yiwuwa yanzu kalmar sirrin wata manhaja ce a wurin. In abin da ke ciki kake so, `get_user_pages` ko `pin_user_pages` aka yi dominsa, su ne ke riƙe shafin har ka gama.

Ina roƙonka kada ka tsallaka zuwa `ptep_get_lockless` don ka ga sunansa da daɗi. An yi shi ne saboda irin x86 mai bit 32 da PAE (tsarin faɗaɗa adireshin RAM), inda gurbi bait 8 ne amma ana ɗebo shi rabi-rabi: a karanta na ƙasa, a karanta na sama, a sake duba na ƙasa, in ya sauya a koma farko. Hanyar gaggawa ta GUP, wato `get_user_pages`, da ke amfani da shi sai ta toshe katsewa (interrupts) tukuna don kada a saki jadawalin, ta kama shafin, ta sake karanta gurbin ta gwada da na farko, in sun saɓa ta saki ta bi doguwar hanya. In ba za ka yi duk wannan ba, ka riƙe makulli. Kuma ka sa wa injin gwajinka ƙwaya huɗu da RAM kaɗan, ka kunna `CONFIG_PROVE_LOCKING` da `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP`, ka matsa masa lamba har ya fara musaya. Gwajin da ba a yi cikin matsi ba, ban ɗauke shi gwaji ba.

Daga wata malama mai koyar da kwamfuta a Sabon Gari: Ina karanta `/proc/self/pagemap` don in nuna wa ɗalibai, amma lambar shafi kullum sifili take fitowa.

Malama, ba kuskurenki ba ne. Tun Linux 4.2 ana mayar da bit 0 zuwa 54 sifili ga wanda ba shi da izinin mai kula da tsari, `CAP_SYS_ADMIN`, saboda sanin ainihin wurin shafi yana taimaka wa masu harin Rowhammer, wanda ke juya bit a RAM ta hanyar yawan taɓa layukan da ke maƙwabtaka da shi. Ki gudanar da `sudo`. Ki raba adireshin da girman shafi, ki ninka da 8, nan za ki karanta bait 8 cif. Ki fara duba bit na 63, in a kashe yake shafin ba ya RAM, ko bit na 62 ya ce yana musaya, ko ba a taɓa shi ba tukuna. Ki rubuta ko da bait ɗaya a wurin da `malloc` ya ba ki kafin ki duba.

Daga wani mai rubuta manhajar salula a Mirya: Na sa 4096 a matsayin girman shafi, manhajata ta ƙi tashi a wata sabuwar salula.

Wa ya ce maka ko'ina 4096 ne? Android 15 ya zo da goyon bayan shafi mai kilobait 16, na'urorin Apple masu guntun M ma 16 suke. Goge lambar nan, ka kira `sysconf(_SC_PAGESIZE)`, sannan ka sake haɗa fayilolinka na `.so` da jeri na kilobait 16.